Takardar sallamar Baba daga soja ta saɓa da NIN ɗinsa, ta ina ake fara gyara?

Ɗan_Agege77:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar soja. Mahaifina ya shiga soja a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya ajiye kaki a 1990, kuma tun daga nan muke zaune a Agege. Shekara da shekaru yana karɓar fanshonsa lafiya lau. Satin da ya wuce na ɗauko jakar takardunsa zan haɗa masa na tantancewar 'yan fansho, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. A takardar sallama an rubuta sunansa Momoh, alhali Mamman ake kiransa, a NIN da BVN kuma Muhammadu ne. Shekarar haihuwa a takardar 1947, a NIN 1951. Na ukun shi ya fi ci masa rai: an rubuta kofur, shi kuwa ya ce da igiya uku, wato saje, ya bar bariki. Wanda ya duba mana takardun ya ce mu je mu daidaita su tun kafin a zo zagaye na gaba. Baba ba ya karatun boko, shi ya sa takardar ta yi shekara 35 a ƙasan akwati ba wanda ya tanka. Ta ina zan fara? Wace takarda ce za ta bi wata?

Sani_MaiCanji:
Wa alaikumus salam. Wannan ai abu ne mai sauƙi. Ka kai shi kotu a Ikeja ya yi rantsuwa, ku buga canjin suna a jarida, shi ke nan. Kwana biyu ka gama. Haka na yi wa matata da sunanta ya saɓa a banki.

Samanja_79NA:
Malam Sani, ka yi haƙuri, wannan shawarar ta banki ce, ba ta soja ba. Na yi shekara 19 ina akawun bataliya kafin in yi ritaya, don haka bari in ɗan yi bayani.

Ɗana, takardar sallama ba ita ce uwa ba, 'ya ce. Kwafo ta aka yi daga fayil. Ranar da aka ɗauki kurtu ake buɗe masa fayil da lambarsa, kuma duk abin da ya same shi a aiki, ƙarin girma ne, aure ne, haihuwa ce, canjin bataliya ne, horo ne, sai an buga shi a takardar umarnin da muke kira Fat Tu Oda. Kwafinta yana tafiya ofishin adana bayanan sojan ƙasa da ke Lokoja. Abin da bai fito a Fat Tu ba, a wurin soja bai faru ba, ko da duk bariki sun gani da idonsu.

To ka ga kuskure iri biyu ne. Akwai wanda fayil daidai yake, mai buga tafireta ne ya kauce ranar sallama. Wannan gyaransa ba ya ba da wahala sosai, don ana buɗe fayil za a gani. Akwai kuma wanda tun daga fayil ɗin aka shigar da shi a karkace, shi ne mai cin lokaci. Kafin ka kashe ko naira ɗaya a kotu ko jarida, sai ka san wanne ne naku. Kuma abu uku ka kawo, kada ka haɗa su a kwando ɗaya. Suna daban, shekara daban, igiya daban.

Ka duba min lambarsa. Da 63NA ta fara?

Ɗan_Agege77:
Ranka ya daɗe Baba Samanja, na gode ƙwarai. E, da 63NA ta fara. Na gwada ta da wadda ke jikin katinsa na fansho, iri ɗaya ce, ba saɓani ko na lamba ɗaya.

Samanja_79NA:
Alhamdu lillahi. To rabin damuwarka ta tafi. Soja da lamba ake saninsa, suna na biyu ne. Mutum goma za su iya zama Mamman a kamfani ɗaya, amma lamba ba ta zama ta mutum biyu. Da lambar ce ta saɓa, da yanzu wata maganar muke yi.

Batun Momoh kuwa bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. 'Yan 63NA da aka ɗiba lokacin yaƙi da yawa haka suke. Kafin yaƙi sojan Najeriya bai wuce wajen mutum 10,000 ba, da aka gama a Janairun 1970 ya kai wajen 250,000. Ka auna yadda aka yi ta ɗiban mutane cikin gaggawa. Akawun da ke kan tebur wataƙila mutumin Auchi ne, ka ce masa Mamman, kunnensa ya ji Momoh, ya rubuta abin da ya saba ji a garinsu. Na ga Garba ya koma Garuba, Ɗanladi ya koma Daladi, na ga wanda aka tambaye shi sunan uba ya faɗi sunan garinsu, har ya mutu da sunan garin ake kiransa a fareti. Kurtu kuma ba ya gyara wa akawu rubutu, ko da ya iya karatu.

Bala_AlabaRago:
Ni abin da ya tsaya min a rai igiyar nan ce. Idan har saje ne, shekara 35 ke nan ana biyansa fanshon kofur. Wannan haƙƙinsa ne, guminsa ne. Mutum ya kai ransa bakin daga yana yaro, a ce igiya ɗaya ta ɓace a takarda kuma a yi shiru? Ɗan'uwa ka bar batun suna, ka bi igiyar nan har inda ƙarfinka ya ƙare.

HajiyaIdiAraba:
Bala, a bi a hankali, kada garin neman gira a rasa ido. Tsohon nan yana karɓar kuɗinsa duk wata, abin da ya fi gaggawa shi ne kada a tsayar. Igiya ta biyo baya.

Ɗana, ni ba zan ba ka shawarar ofis ba, don ban san ta ba sai da ta same ni. Maigidana ya rasu shekara shida ke nan, shi ma tsohon soja ne. Bayan na fita takaba muka fara bin haƙƙinsa, sai aka buɗe fayil aka ga sunan magajin da ya rubuta tun yana saurayi, wansa ne. Wan nan ya riga shi rasuwa da shekara goma sha. Ni da na yi shekara 31 a ɗakinsa, na haifa masa bakwai, sunana bai fito ko'ina ba, don bai taɓa kai takardar aurenmu an shigar ba. Ba mugunta ya yi ba, Allah ya sani, kullum cewa yake zai je. Sai da muka nemo takardar gado daga kotu, muka kawo shaidu daga danginsa tun daga Potiskum, aka yi ta kai da komo kusan shekara biyu. A cikin wannan lokacin na sayar da keken ɗinkina.

Abin da nake so ka ji shi ne, mahaifinka yana da rai, yana da hankalinsa, zai iya tsayawa ya ce ni ne. Wannan ni'ima ce. Da kake buɗe fayil ɗin nan, ka tambaya wa aka rubuta magaji. Kada ka ji nauyin tambayarsa, ba fatan mutuwa kake yi masa ba.

Ɗan_Agege77:
Allah ya jiƙan Baba, Hajiya, ya sa ya huta. Wallahi wannan bai taɓa zuwa min a rai ba. Mahaifiyata ita ce ta biyu, ta farkon sun rabu tun ba a haife ni ba. Yau ɗin nan zan tambaye shi.

Sani_MaiCanji:
Na karɓi gyara a kan igiya. Amma a kan suna da shekara ina nan a kan bakana. Me zai sa ka tafi Lokoja alhali ofishin NIMC, masu yin NIN, yana nan Alausa? Ka mayar da NIN ya bi takardar soja, Momoh, 1947, banki ma ya bi. Takarda ɗaya ta fi ƙarfi, sai sauran su bi ta. Tsofaffi da yawa haka suka yi.

Barista_Ummi:
Yaya Sani, kafin a taɓa NIN a tsaya a lissafa abin da ke rataye da shi. Layin wayarsa, BVN, fasfo idan ya taɓa zuwa Hajji ko yana da niyya, takardar gida idan yana da shi, har takardun 'ya'yansa da ke ɗauke da sunansa. Ka mayar da shi Momoh yau, gobe a zo rabon gado a ga mai gidan Muhammadu ne, mai fansho Momoh, 'ya'ya kuma 'ya'yan Muhammadu. Ka toshe rami ɗaya ka haƙa uku.

Rantsuwar kotu tana da amfaninta, amma a san iyakarta. Ba umarni ba ce. Kwamishinan rantsuwa ba ya bincike, shaida kawai yake cewa wane ya zo gabana ya rantse a kan kaza. Ba ta tilasta wa kowane ofis ya canja abin da ke littafinsa. Kuma irin rantsuwar da ta dace a nan ba ta canjin suna ba ce, don Baba bai canja suna ba. Akwai wadda mutum zai ce Momoh mai lamba kaza, da Mamman, da Muhammadu mai NIN kaza, duk ni ne mutum ɗaya. Ita za a haɗa da takardar neman gyara.

Sannan don Allah ku shiga ciki da kanku. Masu tare mutane a bakin ƙofar kotuna suna cewa kawo mu yi maka, wasu hatimin bogi suke bugawa. Ku biya a inda ake biya, ku karɓi rasit, Baba ya sa hannu a gaban jami'in.

Direban_Tanka_Apapa:
Barista ta faɗi gaskiya a kan 'yan bakin ƙofa. Wani ya karɓi kuɗin surukina ya ce yana da hanya a Abuja, zai gyara masa shekara cikin sati ɗaya. Ya tafi da takardar ta asali. Da ya dawo da ita, an kankare lamba ɗaya da reza an rubuta wata da biro. Takardar da take da kuskure ɗaya ta koma takardar da ake tuhuma. Har yau muna kan wanke wannan. Kada ka ba kowa ta asali, ko na minti biyar.

Samanja_79NA:
Innalillahi. Wannan shi ne mafi muni. Kuskuren akawu laifin akawu ne, amma kankara laifin mai takarda ne. Ko alƙalami kada ya taɓa ta. Wasu kuma suna kai ta a manne ta da leda mai zafi, ni ban so, don idan za a duba hatimi ko a buga wani a bayanta sai ya gagara. Ka sa ta a jakar leda mai buɗewa, ka yi mata hoto kwafi biyar ko shida, ka ɗauka a waya.

Maman_Khalifa:
Maganar hoto ta tuna min da namu. Ni a barikin Ikeja na girma. Ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002 da ma'ajiyar makamai ta fashe, ina 'yar shekara 14. Da kayan jikinmu muka gudu, mahaifiyata ko takalmi babu. Mutum fiye da 1,000 suka rasu, da yawa a magudanar ruwan Oke-Afa. Mu Allah ya tsallakar da mu, amma da muka dawo rufin ɗakinmu ya buɗe, akwatin takardun Baba ba mu same shi ba. Abin da ya cece shi lokacin ritaya, wani kwafi da ya taɓa aika wa ƙaninsa a Zariya ya ajiye masa, da kuma fayil ɗinsa da yake a Lokoja. Tun daga nan duk takardar da ta shigo gidanmu, kwafinta yana wani gari. Ku yi haƙuri na kauce daga tambayar.

MalamObalende:
Ba ki kauce ba 'yata. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a ranar, ina tuna yadda tagogi suka yi ta girgiza har nesa da Ikeja.

Ɗan_Agege77:
Jama'a na dawo. Bayan sallar isha'i na zauna da Baba, na karanta masa abin da kuka rubuta ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan shekara sai ya yi shiru, ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, wannan ba kuskuren akawu ba ne, ni na faɗa musu. Ya ce ranar ɗiban, su uku suka fito daga ƙauye, aka ce ba a ɗaukar yaro. Shi kuwa dogo ne, sai wani kofur ya raɗa masa cewa idan an tambaye ka ka ce ashirin da ɗaya. Haka ya faɗa, aka rubuta. Ya ce a lissafinsa bai wuce sha bakwai ba, don lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo aka yi hawan daba a Kaduna a 1956, mahaifinsa ya bi dawakin hakimi, shi kuma yana ƙaramin da ko allo ba a sa shi ba, yana tuna kukan da ya yi don a tafi da shi. Abokan tafiyarsa biyu ba su dawo daga yaƙin ba. Bai taɓa ba mu wannan labarin ba sai jiya.

Batun magaji kuma, Hajiya, kin yi gaskiya. Ya ce yana jin sunan matarsa ta farko ne a ciki.

To yanzu ya zan yi da shekarar? 1951 ce ta fi kusa da gaskiya, amma 1947 ce a fayil, kuma da bakinsa ya faɗa.

Sani_MaiCanji:
Ka ga abin da nake faɗa. Tunda fayil 1947 ne, kuma ba za su canja ba, NIN ne zai bi. Ya rantse 1947 a wuce wurin.

MalamObalende:
A'a Malam Sani, nan kam ba zan yi shiru ba. Mutum ya faɗa wa ɗansa jiya da daddare cewa 1947 ba ita ba ce, sannan gobe a ɗora masa hannu ya rantse ita ce? Rantsuwa a kan abin da mutum ya san ba haka yake ba, malamai suna kiranta mai dulmuyarwa, kuma tana cikin manyan zunubai. Abin da ya faɗa yana ɗan sha bakwai a layin ɗiban soja, yaro ne cikin ruɗanin yaƙi, Allah mai gafara ne. Amma dattijo mai shekara saba'in da wani abu, a kai shi ya sabunta ta da rantsuwa saboda fansho, wannan ba gata aka yi masa ba. Ya rantse a kan abin da ya sani: sojoji sun rubuta min kaza ranar da aka ɗauke ni, ni kuma abin da na sani game da haihuwata kaza ne, kuma duk ni ne.

Barista_Ummi:
Malam ya riga ni. A doka ma rantsuwa a kan ƙarya laifi ne mai zaman kansa. Kuma yadda Malam ya tsara ta, ana iya rubuta ta haka. Abin da ya rage shi ne a tambayi masu tantancewar kai tsaye, a rubuce, ko wannan bayanin ya wadatar ko suna buƙatar wani abu. Kada a yi aiki da ji-ta-ji-ta. Ga wanda aka haifa kafin 1992 ba shi da takardar haihuwa, hukumar ƙidaya ta ƙasa tana ba da takardar shaidar haihuwa, ita ma za ta iya shiga cikin abin da za a haɗa.

Samanja_79NA:
A iya zamana a ofis, shekarar haihuwar da soja ya bayar ranar shiga ita ce abu mafi wuyar taɓawa, don da ita ake lissafin ranar ritaya. Da ana canja ta da sauƙi, da kowa ya rage shekaru idan ya ga ritaya ta matso. Don haka ni ba zan ce ka nemi a canja ta ba, musamman tunda Baba ya ce shi ya bayar. Ka ga amfanin abin da na ce tun farko, a raba su. Suna kuskuren rubutu ne, a nemi gyara. Shekara ba kuskure ba ce, bayani take buƙata. Saura igiya.

Yusuf_Amurka:
Salamu alaikum daga nesa, ni ɗan Idi-Araba ne, ƙanina ya yi sojan Amurka shekara shida. A can takardar sallama ana kiranta DD 214. Shi ma an manta da wata lambar yabo a tasa. Akwai fom na musamman, DD 149, da ake cikewa a aika wa kwamitin gyaran bayanan soja na rundunar da mutum ya yi wa aiki. Ƙa'ida a nema cikin shekara uku daga ranar da aka gano kuskuren, ko da yake kwamitin yana iya ɗaga ƙafa. Amma kada ku ɗauka komai sumul ne. Nauyin kawo hujja a kan mai nema yake, kuma su ma a 1973 gobara ta cinye fayil na tsofaffin sojoji miliyoyi a ma'ajiyarsu ta St. Louis, har yau akwai iyalan da da guntayen takardun albashi da na asibiti ake haɗa musu tarihin aikin iyayensu. Abin da na koya a wurinsa shi ne, kowace 'yar takarda hujja ce, ko katin asibiti.

Bala_AlabaRago:
To mu dawo gida. Igiyar fa? Kowa ya bi ta kan suna da shekara. Baba Samanja ka ce saura igiya, muna jinka.

Samanja_79NA:
Ga ni, Bala. Dalilin da ya sa na bar ta ƙarshe, ita ce mai zafi, kuma ba na son in sa wa tsoho rai a kan abin da ban gani ba.

A soja akwai igiyar riƙo, akwai tabbatacciya. Kwamanda yana iya ɗaura wa kofur igiya uku ya riƙe aikin saje, kowa ya kira shi Saje, ya shiga mes, wato ɗakin cin abinci da hutawa na su saje, ya yi shekara a haka. Idan ba a tabbatar da ita an buga a Fat Tu ba kafin ranar sallama, takarda kofur za ta ce, kuma ba ta yi ƙarya ba, shi ma bai yi ƙarya ba. Wannan ita ce fuska ta farko. Ta biyu, an tabbatar, an buga, amma kwafin bai isa fayil ba kafin a rubuta sallama, musamman idan ƙarin girman ya zo dab da ritaya. Wannan na gani da idona ba sau ɗaya ba, kuma na ga an gyara.

Yadda za ka gane: ka tambaye shi ko albashinsa ya ƙaru da aka ɗaura masa, wata nawa kafin ya fita, wace bataliya, wane ne kwamanda a lokacin, kuma su wa aka ɗaura wa tare da shi. Ƙarin girma a jere yake fitowa, sunaye da yawa a takarda ɗaya. Idan ka sami mutum ɗaya cikin waɗanda aka yi wa tare, takardarsa ta ce saje, to lambar Fat Tu ɗin da kwanan watan suna fayil ɗinsa, ka sami bakin zare.

Sannan a sani, hukumar fanshon soja da ke Dutsen Alhaji a Abuja biya take yi a kan abin da rundunar ta aiko mata. Ba ita ke ba da igiya ba. Wanda ya fara da can, Lokoja za a nuna masa. Wannan na ƙananan sojojin ƙasa nake faɗa, hafsoshi nasu yana ofishin sakataren soja, na ruwa da na sama kuma kowa da nasa.

Direban_Tanka_Apapa:
Idan tafiya ta kama, motar dare ta fi, ka bi ta Ibadan, Akure, Owo, Okene, da safe kana Lokoja. Amma da tsoho gara ku tashi da asuba ku kwana can. Hanyar ba ta wasa ba ce ga mai ciwon baya.

HajiyaIdiAraba:
Kafin ku ɗauki hanya ku fara zuwa ofishin Lijiyon, ƙungiyar mazan jiya, na yankinku. Su suka rubuta min takarda ta farko, kuma wani dattijo a cikinsu ne ya gane mijina a hoto ya ce tare suka yi Laberiya a 1990. Sun san juna fiye da yadda kuke zato. Ranar 15 ga Janairu ba ka gan su da hulunansu a wajen tunawa da mazan jiya ba? Wataƙila abokin igiyar Babanka yana cikinsu.

Bala_AlabaRago:
Na ji bayanin Baba Samanja, kuma na gode. Amma har yanzu raina bai kwanta ba. Ko ta riƙo ce, ai aikin saje ya yi. Ni a ganina a rubuta a nema, in an hana an hana.

Barista_Ummi:
A nema, Yaya Bala, ba wanda ya ce kada a nema. Amma takarda daban, bayan an ga fayil. Ta farko ta zama gajera: sunansa, lambarsa, bataliyarsa ta ƙarshe, ranar shiga da ta fita, abin da aka rubuta, abin da ya kamata ya zama, da roƙon a duba fayil. Baba ya sa hannu ko ya dangwala da kansa. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku. Wanda ba shi da kwafin da aka buga wa hatimi, idan ya koma bayan wata uku, daga farko zai fara.

Ɗan_Agege77:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na sake komawa akwatin. A cikin wani tsohon littafin addu'o'i na sami hoto, baƙi da fari, gefensa ya ci ruwa. Baba ne a tsaye da kaki, igiya uku a hannun riga ɓaro-ɓaro, shi da mutum biyu. A baya an rubuta Bonny Camp, 1989. Da na nuna masa sai ya kama sunayensu nan take, ya ce na dama ya rasu, na hagun mutumin Zuru ne, rabonsa da shi tun wani biki a Ojo shekara goma da suka wuce, amma ya ji yana nan wajen Okokomaiko. Ya ce rana ɗaya aka ɗaura musu su ukun. Batun albashi ya ce yana jin an ƙara, amma ba zai rantse ba.

Baba Samanja, hoton nan zai yi aiki?

Samanja_79NA:
Hoto shi kaɗai ba ya tabbatar da igiya, don ta riƙo ma haka take fitowa a hoto. Amma ka haɗa shi, kuma ya ba ka abin da ya fi shi, wato mutumin Zuru. Ka neme shi. Idan tasa takardar ta ce saje, ka ɗauki hotonta da izininsa, ka turo min ta akwatin sirri in duba kwanan watan.

Maman_Khalifa:
Mijin yayata yana zuwa taron tsofaffin sojoji na Ojo duk wata, kuma akwai 'yan Zuru da yawa a cikinsu. Ka turo min hoton ta sirri, kada ka sa a zaure saboda lambar da ke jikin takardu. Taronsu na gaba Asabar ce mai zuwa.

Sani_MaiCanji:
Ni dai har yanzu ina tsoron ranar tantancewa ta zo ba a gama wannan dogon zagayen ba. Barista, idan ranar ta riske su da kwafin da aka buga wa hatimi kawai a hannu, su je da shi ko su jira?

Barista_Ummi:
Su je. Da Baba, da takardar asali, da katin fansho, da rantsuwar mutum ɗaya, da kwafin mai hatimi. Rashin zuwa ya fi zuwa da saɓani haɗari.

Ɗan_Agege77:
To madalla. Gobe Litinin za mu fara da Lijiyon, Laraba kotu. Maman Khalifa na tura miki hoton. Hajiya, batun magaji ma zan sa shi a takardar, mahaifiyata ta ce in gaishe ki, ta ce takardar ɗaurin aurensu tana wurin wanta a Katsina, na kira shi ya ce zai duba cikin kayan marigayi liman.